Awa Ɗaya da Kwata a Gaban Likitan Ƙwaƙwalwa

Takardar da aka tura ni da ita ta yi mako biyar a cikin jakata kafin in ciro ta. Likitan da na saba gani ne ya rubuta ta, bayan na je wurinsa sau uku a cikin wata biyu ina kukan ciwon kai da nauyin ƙirji da rashin barci, ya yi duk awon da zai yi bai ga abin da zai kama ba. Da ya ce yana so in ga likitan ƙwaƙwalwa sai na ji kamar zagina ya yi, domin a ganina na wancan lokaci wanda ake kaiwa can shi ne wanda ya fita daga hayyacinsa, yana tafe yana surutai shi kaɗai, ni kuwa kullum ina zuwa aiki da kayana a goge, ina gaisawa da jama'a, har dariya nakan yi idan an yi abin dariya. Abin da ya sa na haƙura shi ne wata safiya da na zauna a gaban aikin da na saba gamawa cikin minti ashirin, na shafe awa biyu ina kallonsa ban iya haɗa layi ɗaya ba.

Matar da ta ba ni rana ta ce in zo da takardar turawa, da sakamakon gwaje-gwajen da aka taɓa yi mini, da duk wani magani da nake sha a cikin kwalinsa, kuma in ina so in taho da wanda ya san halin da nake ciki. Daren da zan je na ɗauki ƙaramin littafi na rubuta abin da na iya tunawa: watan da abin ya fara, ƙarfe nawa nake farkawa, ramar da na yi har bel ɗina ya koma ramin baya. Wannan rubutun ya yi mini rana ƙwarai, domin da na zauna a gaban likita kaina ya ɗauke gaba ɗaya, sai littafin ne ya riƙa tuna mini. Na zuba maganin ciwon kai da na gyambon ciki a leda. Akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da na bari a aljihun tebur da gangan, ban kuma gaya wa matata, wadda ta raka ni, cewa akwai su ba.

A wurin jira na yi ta satar kallon mutane ina neman abin da na zo da tsoronsa, ban gan shi ba. Akwai dattijo yana gyangyaɗi, da budurwa tana karatu a wayarta, da wata uwa da ɗanta matashi suna magana ƙasa-ƙasa. Daga baya na karanta ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a 2019 kusan mutum miliyan 970, wato ɗaya cikin kowane mutum 8 a duniya, suna fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, sai na gane cewa babu dalilin da zai sa mutanen wurin su bambanta da waɗanda nake gogayya da su kullum a hanya. Ma'aikaciyar jinya ta auna jinina da nauyina da bugun zuciyata, sannan ta miƙo mini takarda da biro ta ce in cike kafin a kira ni.

Takardar ita ce ake kira PHQ-9. Tambayoyi 9 ne a kanta, dukansu game da mako biyun da suka wuce, kuma kowace tambaya mutum zai ba kansa maki daga 0, wato abin bai faru ba sam, zuwa 3, wato kusan kullum yana faruwa, jimilla 27 ke nan. Tana tambayar rashin sha'awar abubuwa, da ɓacin rai, da barci, da gajiya, da cin abinci, da ganin kai a matsayin wanda ya gaza, da tattara hankali, da sanyin jiki ko rashin iya zama wuri ɗaya. Takwas na farko na amsa su tsakani da Allah. Ta tara tana tambaya ko mutum yakan ji gara ma a ce ya mutu, ko yakan yi tunanin cutar da kansa. Na riƙe biron a kanta na ɗan lokaci, na dubi matata da ke gefena, na zagaye 0. Akwai wata takardar a baya mai tambayoyi 7 a kan fargaba da zulumi, GAD-7, ita ma na cike.

Ɗakin likita tebur ne da kujeru uku da kwalin tishu, ba gadon kwanciya, ba wata na'ura. Mace ce, ta kai shekara hamsin, ta tashi ta gaishe ni ta faɗi sunanta, ta roƙi matata ta ɗan jira a waje tukuna. Kafin ta yi mini ko tambaya ɗaya ta bayyana mini abu biyu. Na farko, ita likita ce da ta yi karatun likitanci kamar kowane likita sannan ta ƙware a wannan fanni, saboda haka tana iya sa a yi gwajin jini tana iya rubuta magani, saɓanin masanin halayyar ɗan'adam wanda aikinsa yawanci magani ne ta hanyar tattaunawa. Na biyu, duk abin da zan faɗa sirri ne, ba zai je wurin aikina ko wurin dangina ba sai da yardata, in ban da inda ta ga rayuwata ko ta wani tana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, kuma ko a nan ma za ta fara gaya mini kafin ta ɗauki mataki. Na ji daɗin da ta faɗi iyakar tun farko maimakon ta yi mini alkawarin da ba za ta iya cikawa ba.

Sai ta ce, "To Malam, me ke tafe da kai? Fara daga inda ka ga dama." Na fara daga ciwon kai, domin shi ne ba ni jin kunyar faɗa. Ta bar ni na yi ta kewaye-kewaye wajen minti goma ba ta katse ni ba, tana rubutu jefi-jefi. Bayan nan ne ta soma matso da tambayoyin, kuma a nan na ga bambancin wanda ya san aikinsa. Da na ce ba na barci ba ta karɓa haka nan ba, sai ta tambaya ko barcin ne ba ya zuwa, ko kuwa yana zuwa ya yanke. Na ce nakan yi barci da wuri saboda gajiya, amma ƙarfe uku na dare idona biyu, kuma shi ke nan har gari ya waye. Ta tambaya wane lokaci ne na yini ya fi yi mini nauyi, na ce safiya, da yamma nakan ɗan ji dama-dama. Ta tambaya mene ne abu na ƙarshe da na yi na ji daɗinsa har cikin raina. Na yi shiru ina lalube, na koma baya wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu, ban samu ba, kuma wannan shirun shi ya fara nuna mini girman abin da nake kira gajiyar aiki.

Daga nan ta bi rayuwata tun daga tushe: lafiyata tun ina yaro, ko na taɓa buguwa a ka, ko na taɓa farfaɗiya, karatuna, aikina, aurena, bashi, rashe-rashen da aka yi mini. Ta tambaya ko a danginmu akwai wanda ya taɓa irin wannan. Har na ce babu, sai na tuna gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda takan shige ɗaki ta yi watanni ba ta fita, a gida ana cewa halinta ne. Likitar ta rubuta, ta ce irin wannan lalura takan bi jini zuwa wani mataki, ko da yake ba dole ba ne duk wanda yake da ita a danginsa ya same ta. Ta zazzage ledar magungunana a kan tebur ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ce akwai magungunan jiki, irin su sitiroyid, da kan taɓa yanayin mutum, shi ya sa take son ganin kwalin da idonta.

Wasu tambayoyin sun ba ni mamaki, ɗaya ma ta ɓata mini rai. Ta tambaya ko nakan ji muryoyi alhali babu kowa, ko nakan ga abin da wasu ba sa gani, ko ina jin ana bibiyata. Na ce mata da ɗan zafi ni fa lafiyata lau ta wannan ɓangaren. Ba ta ji haushi ba, ta ce kowa take yi wa waɗannan tambayoyi, kamar yadda likitan jiki yake auna jinin wanda ya zo da ciwon ƙafa. Ta kuma tambaya ko na taɓa yin kwanaki a jere ina jin ƙarfi fiye da kima, barcin awa biyu ya ishe ni, ina magana ba tsayawa, ina kashe kuɗi ba lissafi, ina jin babu abin da ya fi ƙarfina. Na yi dariya na ce ina ma. Ta ce tambayar tana da muhimmanci, domin akwai lalurar da ake kira baifola, wadda takan ɗaga mutum sama ta kuma jefa shi ƙasa, kuma mai ita yakan zo asibiti ne lokacin da yake ƙasa. Idan aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai ba tare da an gane ba, maganin na iya tunzura shi ya haura sama ta mummunar hanya.

Sannan ta ajiye biro. Ta ce ta ga na sa 0 a tambaya ta tara, amma duk da haka tana so ta ji daga bakina. "Malam, mutanen da suka daɗe cikin irin wannan nauyi da yawansu sukan ji sun gaji da rayuwar. Kai ka taɓa jin haka?" Muryarta ba ta canza ba, kamar dai lokacin da take tambayar barcina. Ina jin da ta sassauta murya ko ta nuna alamar tsoro da na sake musantawa. Sai na ji bakina yana cewa, idan na farka ƙarfe uku nakan yi fatan da ban farka ba. Ban taɓa furta wannan ga kowa ba, kuma da na faɗa sai hawaye suka zo, irin na babban mutum da ya daɗe bai yi kuka ba, masu fita da ƙyar. Ta turo kwalin tishun kusa da ni ta jira.

Abin da nake tsoro, wato a kira ƙarti a riƙe ni a ba ni gado, bai faru ba. Ta ci gaba da tambaya a natse: tunanin yakan tsaya a fata ne ko ya kai ga shiri, na taɓa yunƙurin wani abu a baya, me yake riƙe ni idan tunanin ya zo. Na ce bai taɓa wuce fata ba, kuma 'ya'yana da imanina su ne suke tsaya mini. Ta bayyana mini cewa akwai tazara tsakanin mai fatan hutawa da mai shiri a hannu, cewa kwantarwa a asibiti ta wanda haɗarinsa yake kusa ce, kuma yawancin masu zuwa ganinta gida suke komawa a ranar. Ta ƙara da cewa yin tambayar ba ya dasa wa mutum tunanin, abin da aka gani shi ne yakan rage masa nauyi. Ni dai shaida ne a kan wannan, domin numfashin da na ja bayan na faɗa na daɗe ban ja irinsa ba.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ta tono ƙwayoyin aljihun tebur. Ta ce ko akwai magunguna a ajiye a gida, kuma ko ina shan wani abu don in samu barci ko in ji sanyi, giya ko wiwi ko kodin ko tiramol ko maganin barci. Tunda babban ya riga ya fita, ƙaramin bai yi wuya ba. Na ce wani abokina ya ba ni diyazafam, maganin sa barci da kwantar da hankali, kuma na yi wajen mako shida ina sha kusan kowane dare, har ɗaya ta daina isata. Ba ta yi mini faɗa ba, amma ba ta ɓoye cewa abin ya dame ta ba. Ta ce irin wannan magani jiki yakan saba da shi da sauri, shi ya sa ba a son a wuce mako 2 zuwa 4 ana shansa, kuma wanda ya saba bai kamata ya yanke shi rana ɗaya ba, domin hakan na iya kawo rawar jiki da tsananin fargaba, wani lokaci har da jijjiga. Da na yi shiru da bakina, da na koma gida na watsar da su a daren saboda an ba ni sabon magani, kuma duk abin da ya biyo baya da sabon maganin za a ɗora wa laifi. Likitar nan ba ta da hoton da za ta ɗauka ta ga diyazafam a cikin labarina. Abin da na faɗa mata shi ne kayan aikinta.

Akwai ɗan gwaji da ta yi mini wanda ya so ya ba ni kunya. Ta faɗi kalmomi uku ta ce in riƙe, ta tambaye ni ranar da muke ciki da wata da shekara, sannan ta ce in riƙa cire 7 daga 100 ina sauka. Na ce 93, na ce 86, na ce 79, daga nan lissafin ya watse mini, ni da nake aiki da alƙaluma. Kalmomin kuwa biyu na tuna. Ta ce kada in damu, ba jarrabawar basira ba ce, ciwon damuwa yakan cinye tattara hankali, kuma yakan dawo idan an samu sauƙi. Sai daga baya na fahimci cewa tun shigowata take duba ni: yadda na zauna, yadda nake jinkirin amsa, yadda ba na haɗa ido.

Da izinina ta kira matata, bayan ta tambaye ni abin da na yarda a faɗa a gabanta da wanda ban yarda ba. Ta ce, "Uwargida, ke me kika gani?" Matata ta ce, "Likita, maigidan nan ya fi wata biyar ba shi ne ba. Da in ya dawo yara ne ke hawa kansa, yanzu in sun ji motsinsa sai su yi tsit. Da dare ina jinsa yana zagaye falo, in na yi magana ya ce ruwa ya fito sha." Ni a lissafina wata uku ne, kuma na ɗauka babu wanda ya lura. Na yarda a gaya mata zancen ƙwayoyin, aka kuma tsayar cewa duk magungunan gidan za su koma hannunta, ita za ta riƙa ba ni.

Da ta zo faɗin abin da ta gani, ba ta yi saurin yanke hukunci ba. Ta ce alamun sun fi kama da ciwon damuwa mai matsakaicin tsanani zuwa sama, tare da fargaba. Makina a takardar PHQ-9 17 ne, kafin a gyara tambaya ta tara, kuma daga 15 zuwa 19 nan ne wannan matakin yake, amma ta ce takardar manuniya ce kawai, ba ita ke tabbatar da ciwo ba. Ma'aunin da likitoci ke bi yana cikin littattafai biyu, DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka wanda ya fito a 2013, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya fara aiki a 2022. A na farkon ana neman alamu 5 cikin 9 da suka kai aƙalla mako biyu, kuma dole ɗayansu ya kasance ɓacin rai ko rashin sha'awa. Duk da haka ta rubuta mini gwajin jini, a duba ƙarancin jini da suga da bitamin B12 da aikin tayirod, halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, domin idan ta yi sanyi takan kawo kasala da ɓacin rai da za a rantse damuwa ce.

Zancen magani shawara muka yi, ba umarni ta ba ni ba. Ta kawo sataralin, ɗaya daga cikin rukunin magungunan damuwa da ake kira SSRI, ta ce zan fara da miligiram 25 na mako guda saboda fargabar da nake da ita, sannan in koma 50. Ta gargaɗe ni cewa illolinsa sukan riga amfaninsa zuwa: tashin zuciya, ciwon kai, wani lokaci ƙarin rashin natsuwa a kwanakin farko, kuma yakan taɓa sha'awar iyali, abin da ta faɗa kai tsaye ta ce kada in ji nauyin kawo mata shi. Sauƙi kuwa sai an yi mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganinsa, cikakkensa har mako 6 ko fiye. Na tambaye ta ko zan zama bawan maganin har abada. Ta ce ba ya sa maye ko ƙishirwar ƙari irin ta diyazafam, amma ana ci gaba da shi aƙalla wata 6 bayan an warke don kada ciwon ya dawo, kuma in za a daina a hankali ake ragewa. Ta hana ni haɗa shi da tiramol, ta rubuta yadda zan riƙa rage diyazafam daki-daki, ta kuma tura ni wurin masanin halayya don maganin tattaunawa da ake kira CBT, wanda ake koya wa mutum kama tunanin da ke kai shi ƙasa ya auna shi da gaskiya. A bayan katina muka rubuta alamun da in na gansu zan nemi taimako, da mutum biyu da zan kira, da cewa idan tunanin nan ya wuce fata in tafi sashen gaggawa ko ƙarfe nawa ne, kada in jira ranar dawowa.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Na jira fiye da awa ɗaya bayan lokacin da aka ba ni, abin da yake da wuya ga mai fargaba, kuma sau biyu na tashi zan tafi matata ta riƙe hannun rigata. Bayanin ƙarshen ma ya zo da yawa a lokaci guda, ga kai ya riga ya gaji, har rabinsa ya zube mini kafin mu kai ƙofa. Da ba don matata ta rubuta ba da na rikita adadin maganin. Tambayoyi uku da na tanada a littafina ban yi ko ɗaya ba, na manta da su sai a hanya. Kuma ban fito da sauƙi ba, na fito ne a wujijjige kamar wanda ya yi dako, na kwanta da rana na yi barcin awa biyu.

An ba ni mako biyu in dawo, aka ce zama na biyu ba zai wuce minti ashirin zuwa talatin ba, kuma in riƙa rubuta lokacin da na kwanta da lokacin da na farka. Washegari da safe matata ta raba ƙwayar sataralin biyu a kan layin da ke tsakiyarta ta miƙo mini rabi da kofin ruwa. Na buɗe littafin a sabon shafi, na sa kwanan wata, na rubuta ƙarfe 3:10, a ƙasansa kuma na kwafe tambayoyin nan uku don kada in sake mantawa da su.